Darasi na 9: Me Ke Cikin Man da Muke Shafawa?

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Karanta jerin sinadaran da ke bayan kwalbar mai ko kwalin sabulu.
2. Bambance man da ke sa fata laushi, da wanda yake magani, da wanda ke ɓata ta.
3. Gane sunayen sinadarai 3 masu haɗari da ake zubawa a man bilicin.
4. Zaɓen abin da ya dace da fatarsa, da yanayin garinsu, da aljihunsa.

Kayan aiki: kowane ɗalibi ya zo da kwalba, gwangwani ko kwalin abin da ake shafawa a gidansu.

Gabatarwa

Da wuya a sami gidan da ba a shafa mai. Jariri da an fito da shi daga wanka sai a mulke shi da man kaɗanya ko basilin. Magidanci yana cusa mai a dugadugansa saboda faso. Lefe ba ya cika sai an jera mayuka da sabulai. Kuɗin da ke tafiya ta wannan hanya ba kaɗan ba ne, amma akasarinmu abu uku muke dubawa kafin mu biya: ƙamshi, da hoton da ke jikin kwalba, da yabon da wata ƙawa ko mai shago ya yi wa man. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke yi wa fata aiki. Masu aikin su ne sinadaran da aka haɗa, kuma sunayensu suna nan a bayan kwalba da ƙananan baƙaƙe. Gaban kwalba na mai talla ne. A bayanta ne doka ta tilasta wa kamfani ya faɗi abin da ya zuba.

1. Yadda fata take

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, za ta kusa murabba'in mita 2. Hawa uku gare ta. Na ƙasa kitse ne mai riƙe ɗumi. Na tsakiya shi ke ɗauke da jijiyoyin jini, da saiwar gashi, da inda gumi da maiƙo ke fitowa, da zaruruwan da ke sa fata ta miƙe ta koma. Na sama shi ne wanda muke gani muke shafa wa mai, kuma a mafi yawan jiki bai fi kaurin takarda ba.

Hawan saman nan kamar katanga yake: ƙwayoyin fata su ne tubala, wani irin kitse kuma shi ne kwaɓin da ya riƙe su. In katangar na da kyau, ruwan jiki ba ya tsiyayewa waje, ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun hanyar shiga. In iskar hunturu, ko sabulu mai kaifi, ko ruwan zafi suka cinye kwaɓin, sai ruwa ya riƙa fita, fata ta yi furu-furu, ta yi ƙaiƙayi, ta tsattsage.

Akwai abu biyu game da wannan hawa da ya kamata ku riƙe, domin sauran darasin a kansu ya tsaya. Na farko, kullum cikin sabuntawa yake. Sababbin ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa, tsofaffi suna zubewa, kuma zagayen yana cin kimanin mako 4 ga matashi, ya fi haka ga dattijo. Shi ya sa maganin ƙuraje ko na tabo na gaskiya ba ya nuna aikinsa sai bayan mako 6 zuwa 12. Man da ya yi alkawarin sauya mutum cikin kwana 3 ko 7, akwai abin da aka ɓoye a cikinsa.

Na biyu, a nan ake yin launi. Wasu ƙwayoyi ne ke fitar da sinadarin da ake kira melanin. Baƙi da fari da wankan tarwaɗa, yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikinsu. Bambancin yana ga yawan melanin ɗin da suke fitarwa. Aikin melanin shi ne tare hasken rana mai ƙuna kafin ya lalata ƙwayoyin fata. A ƙasar da rana ke duka kusan duk shekara, wannan kariya ce da Allah ya yi mana, ba dauɗa ba ce da za a wanke.

Kowa na iya gane irin fatarsa a gida. Ku wanke fuska, kada ku shafa komai, ku jira awa ɗaya. In ta ɗaure ta yi fari-fari, busasshiya ce. In ta yi ƙyalli ko'ina, mai maiƙo ce. In goshi da hanci ne kawai ke ƙyalli, gauraye ce. Wadda kuma da ta ji sabon abu sai ta yi raɗaɗi ko ƙaiƙayi, ita ce marar juriya.

2. Karanta bayan kwalba

Ku nemi kalmar *Ingredients*, ko *Ingrédients* idan rubutun da Faransanci ne, kamar kayan da ke shigowa ta Nijar ko Kamaru. Abin da ya biyo bayanta shi ne jerin sinadarai. Ba sai kun iya Turanci ba. Sunayen na ƙasa da ƙasa ne. Yadda aka rubuta su a kwalbar da aka saya a Kano haka suke a ta Yamai da Dubai da Landan. Abin da ake bukata kawai ido ya saba da su.

Jerin yana da ƙa'ida: wanda ya fi yawa shi ke fara zuwa, sai mai bi masa, har a kai ga waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, waɗanda kamfani ke da damar jera su yadda ya ga dama. Saboda haka sunaye 5 na farko su ne jikin man. A yawancin mayuka masu ruwa-ruwa sunan farko *Aqua* ne, wato ruwa, kuma wannan ba ha'inci ba ne, ruwan ne ke ɗaukar sauran. Ku dubi waɗannan kwalabe biyu, waɗanda duk an zana ɗiyan kaɗanya a gabansu:

Ta ɗaya: *Aqua, Glycerin, Butyrospermum Parkii Butter, Petrolatum, Parfum.*

Ta biyu: *Aqua, Paraffinum Liquidum, Stearic Acid, Parfum, Butyrospermum Parkii Butter.*

Dogon sunan nan, *Butyrospermum Parkii Butter*, man kaɗanya ne, *Parfum* kuma turare. A kwalba ta ɗaya man kaɗanya ya zo na uku, ke nan an zuba shi da gaske. A ta biyu ya zo bayan turare, shi kuwa turare ɗan kaɗan ake sawa. An ɗiga man kaɗanyar ne kawai don a sami hujjar zana hotonsa.

Bayan jerin, a duba abu huɗu. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna da kayan shafa a Najeriya. A duba sunan kamfani da adireshinsa. A duba ranar da aka yi man, wadda ake sa wa alamar MFG, da ranar ƙarewar aikinsa, mai alamar EXP. Sai kuma ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta 6M ko 12M a jikinsa: yana nufin man zai yi wata 6 ko 12 daga ranar da aka buɗe shi.

3. Masu sa laushi: iri uku ne

*Masu janyo ruwa.* Waɗannan suna jawo danshi su riƙe shi a saman fata. Babbansu gilisarin, wanda ake rubutawa *Glycerin*. Yana da arha, kuma ya daɗe yana aiki. Sai *Urea* da *Hyaluronic Acid*. Na ƙarshen nan ya yi suna, ana tsawwala masa kuɗi, amma aikinsu ɗaya da gilisarin. Raunin wannan rukuni yana bayyana da hunturu: iska ba ta da danshin da za a janyo, don haka in ba a rufe su da mai ba, ruwan da suka tara ba ya daɗewa.

*Masu cike gibi.* Su ne ke maye gurbin kitsen da sabulu da iska suka cinye, fata ta yi santsi. Nan ne man kaɗanya yake, da man kwakwa, da man riɗi, da *Ceramide*, wanda irin kitsen da fata ke yi da kanta ne. Itacen kaɗanya a yankinmu yake, daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu, kuma Najeriya na sahun gaba wajen samar da ƙwararsa, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Man da mata ke kaɗawa a ƙauye shi kamfanonin Turai ke saye su zuba a mayukansu masu tsada. In yana da tsabta kuma bai yi ɗoyi ba, na kasuwarmu ya wadatar. Man kwakwa yana da kyau ga jiki da gashi, amma yana toshe ƙofofin gashin fuska, don haka mai ƙuraje ya nisanta shi da fuskarsa.

*Masu rufewa.* Suna shimfiɗuwa a kan fata su hana ruwa fita. Sarkinsu basilin, wanda ake rubutawa *Petrolatum*. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi, kuma wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya yi rajistar hanyar tace shi a 1872. Yana tare kusan kashi 98 cikin 100 na ruwan da ke fita ta fata, abin da babu wani mai da ya kamo shi. 'Yan uwansa su ne *Paraffinum Liquidum*, da *Dimethicone*, da kakin zuma, wato *Cera Alba*. Sai dai basilin ba ya ƙara ruwa, wanda ya tarar yake tsarewa. Wanda ya shafa shi a busasshiyar fata ƙyalli kawai ya samu. Lokacinsa shi ne da an fito daga wanka, jiki da sauran lema, ko bayan alwala kafin hannu da ƙafa su bushe.

Mai mai kyau yakan haɗa ukun nan, kuma yanayi ne ke nuna wanda ya kamata ya rinjaya. Da hunturu a nemi mai kauri. Da bazara a koma mai ruwa-ruwa, domin laftar basilin cikin zafi yana toshe hanyar gumi ya jawo ƙurajen zafi, musamman ga yara.

Sabulu ma yana cikin lissafi. Fata na da ɗan tsami, kimanin 5 a ma'aunin da ake kira pH, inda ruwa ke kan 7. Sabulun sanda na kan 9 zuwa 10, yana da kaifi irin na toka da kanwa, kuma sabulun salo ma haka yake, tun da da toka ake dafa shi. Yana wanki sosai, amma mai busasshiyar fata ya rage shi, kada kuma ya bar kumfarsa ta daɗe a fuska. Sabulun da ake cewa mai kashe ƙwayoyin cuta ba dole ba ne a wankan yau da gobe. A 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa *Triclosan* da *Triclocarban* a sabulun wanka na gida, saboda kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu da ruwa amfani.

4. Sinadaran da ke magani

Waɗannan ba don laushi ake sa su ba, kowanne da matsalar da yake yi wa aiki, kuma kamfanin kirki yakan rubuta ƙarfinsu da alamar %.

| Matsala | Sunan da za a nema | Ƙarfi | Hattara |
|---|---|---|---|
| Ƙuraje masu baƙin kai, yawan maiƙo | *Salicylic Acid* | 0.5% zuwa 2% | Yana busar da fata |
| Ƙuraje masu mugunya | *Benzoyl Peroxide* | 2.5% zuwa 5% | Yana koɗar da tufafi da tawul |
| Tabo, maiƙo | *Niacinamide* | 2% zuwa 5% | Aikinsa a hankali ne |
| Ƙuraje da tabo tare | *Azelaic Acid* | 10% zuwa 20% | Ɗan raɗaɗi da farko |
| Ƙuraje masu naci, yamutsewa | *Retinol, Adapalene* | *Adapalene* 0.1% | Da dare kawai. Ban da mai juna biyu |
| Bushewa | *Urea* | 5% zuwa 10% | Yana zafi a kan tsaga |
| Kaushi | *Urea* | 20% zuwa 40% | Ƙafa kawai, ban da fuska |

Bari mu kwatanta biyun farko, domin ana yawan rikita su. Salisilik yana narkewa a cikin maiƙo, don haka yana iya kutsawa cikin ƙofar gashi ya kwance abin da ya toshe ta. Benzoyil kuwa kashe ƙwayoyin cutar da ke sa ƙurji ya kumbura ya yi mugunya yake yi. Mai toshewa ya nemi na farko, mai kumburi ya nemi na biyu. Akwai benzoyil mai 10%, amma bai fi mai 5% warkarwa sosai ba, ya dai fi shi ƙona fata.

A fatarmu, tabon da ƙurji ke bari yakan fi ƙurjin daɗewa, domin duk inda aka ji rauni sai melanin ya taru. Matsa ƙuraje da dirza fuska da soso mai kaushi suna ƙara shi. Nayasinamaid, wanda nau'i ne na bitamin B3, da azelayik, da bitamin C, wanda ake rubutawa *Ascorbic Acid*, suna dusar da tabo a hankali har wurin ya koma launin mai shi. A nan suka bambanta da bilicin: ba sa kai mutum inda Allah bai ajiye shi ba. Bitamin C ba ya jure iska da haske. In ruwansa ya koma launin ƙasa-ƙasa, ya lalace.

Dangin ritinol daga bitamin A suke, suna hanzarta sabuntar fata. Sukan sa saɓa da raɗaɗi a makonnin farko, don haka ana farawa da dare 2 ko 3 a mako, gwargwadon ƙwayar wake ga dukan fuska. Mai ƙarfi daga cikinsu, *Tretinoin*, sai da takardar likita. Mai juna biyu, ko mai neman haihuwa, ta bar su gaba ɗaya. Azelayik ne likitoci suka fi amince mata da shi.

Kyasbi da makero ba na wannan layi ba ne. Ƙwayar fangas ce ke kawo su, maganinsu kuma *Clotrimazole* ko *Ketoconazole*, shi kaɗai ba gauraye ba, na tsawon mako 2 zuwa 4. Makeron da ya kama kan yaro kuwa shafawa ba ta isarsa, sai an haɗa da maganin sha daga asibiti.

Man kariyar rana ana gane shi da alamar SPF. Mai lamba 15 yana tare kimanin kashi 93 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Ke nan mai 30 ya isa, in ana shafawa da yawa kuma ana sabuntawa bayan awa 2 a cikin rana. Wanda aka yi da *Zinc Oxide* ko *Titanium Dioxide* ya fi dacewa da fata marar juriya, ko da yake yana barin fari-fari. Mai maganin tabo da mai shafa ritinol suna bukatarsa. Ga masu lalurar zabiya kuwa wajibi ne, tare da malafa da riga mai dogon hannu, domin rashin melanin na jefa su cikin haɗarin kansar fata.

5. Sunaye uku da za a guje wa

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da mayukan ƙara haske, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Maza ma sun shiga. Sinadarai uku ne ke yin mafi yawan ɓarnar.

*Haidirokwinon*, a rubuce *Hydroquinone*. Yana hana fata yin melanin. Magani ne da likitan fata kan bayar don wani tabo na musamman, a ɗan wuri, na 'yan watanni. In aka mayar da shi man jiki shekara da shekaru, sai ya juya: kumatu da goshi da wuya su yi baƙi mai shuɗi-shuɗi da gudaji, wanda da wuya ya goge. Tarayyar Turai ta cire shi daga kayan shafa a 2001. Kwaddibuwa ta hana mayukan bilicin a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016. A Najeriya doka ba ta yarda ya wuce 2% ba.

*Sitiroyid*, a rubuce *Clobetasol* ko *Betamethasone*. Shi ne ke cikin 'yan tub ɗin da ake matsewa a cikin mai. Magani ne mai ƙarfi na kumburi da ƙaiƙayi, na kwanaki ƙalilan. Yana tsuke jijiyoyin jini ya rage launi, shi ya sa haske ke zuwa da sauri. Daga baya fata ta yi siriri har a riƙa ganin korayen jijiyoyi, manyan nankarwa su keto a damtse da cinya, ƙuraje da makero su yaɗu, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya yi wuyar kamawa. Yana kuma ratsa fata ya shiga jini, inda zai iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Tub ɗin da aka ce yana maganin komai yawanci haɗi ne na sitiroyid da maganin fangas da na bakteriya. Yana kwantar da ƙaiƙayi yau, cutar na ci gaba a ƙarƙashi.

*Zaiba*, a rubuce *Mercury*, *Calomel*, *Mercurous Chloride* ko *Mercuric Iodide*. Guba ce. Tana lalata ƙoda, tana sa karkarwar hannu da mantuwa da rashin barci, tana kaiwa ga ɗan tayi, tana fita ta nono. Ba mai shafawa kaɗai take kamawa ba, har wanda suke haɗa tawul da shimfiɗa. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Minamata, mai sunan garin Japan da zaiba ta yi wa mutanensa mummunar illa. Ta fara da hana zaiba ta wuce miligiram 1 a kilo ɗaya na kayan shafa, sannan a 2023 aka amince a hana zuba ta gaba ɗaya daga 2025.

Masu zuba waɗannan abubuwa ba kullum suke rubutawa ba. Mafi haɗari shi ne haɗin da ake kwaɓawa a shago ko a gida a ɗura a robar da ba jeri, ba lamba, ba adireshi, a kira shi oganik ko sirrin amare. Wadda ta haɗa shi ma ba ta san ƙarfin abin da ta zuba ba. Alamominsa a jiki sanannu ne: fuska ta yi fari gaɓoɓin yatsu da gwiwa su rage baƙi, kumatu su ƙone, jiki ya riƙa wani irin wari. Wanda ya daɗe yana shafa mai sitiroyid kada ya yanke lokaci ɗaya, domin jiki ya saba da shi. Ya je asibiti a tsara masa yadda zai rage.

Kasancewar abu na gida ko na gargajiya ba ya wanke shi. Lemon tsami a fuska, in rana ta dake shi, yana ƙona fata ya bar tabo. Man goge baki ba maganin ƙurji ba ne. Jan lalle ba ya cutar da yawancin manya, amma baƙin dayis yakan ƙunshi rinin gashi mai suna PPD, wanda ke sa wasu hannu ya kumbura ya yi bororo.

6. Karatu: A kemis

Hajiya: Salamu alaikum. Malam, tub ɗin nan nake nema, ga kwalinsa. Maƙwabciyata ta ce shi ya share wa 'yarta fuska.

Mai kemis: Wa alaikumus salam, Hajiya, sannu da zuwa. Wa za a shafa wa?

Hajiya: 'Yar wajena. Ƙuraje sun dame ta, ga shi an sa rana.

Mai kemis: Allah ya sanya alheri. Amma dubi nan, Hajiya, kin ga an rubuta *Clobetasol*? Sitiroyid ne. Zai kwantar da su mako ɗaya ko biyu, daga baya su dawo sun fi da.

Hajiya: Subhanallahi! To me za a yi, Malam?

Mai kemis: Ƙurajen suna mugunya?

Hajiya: Suna yi.

Mai kemis: To ga benzoyil mai 5%. Ta riƙa shafa kaɗan da dare, ta sa farar rigar filo don yana koɗar da kaya. Ta daina matsawa. In an yi wata 2 ba sauƙi, ku ga likitan fata.

Hajiya: Har wata 2? Ai da nisa.

Mai kemis: Haƙuri za a yi, Hajiya. Mai saurin shi ne mai ɓarnar.

7. Kafin a fara sabon mai

1. A gwada kaɗan a cikin damtse, safe da yamma, na kwana 7. In wurin ya yi ja, ko kumburi, ko ƙaiƙayi, a bar shi.
2. A fara da abu ɗaya. In aka soma uku tare, ba za a san wanda ya yi amfani ko ya yi illa ba.
3. Mai fata marar juriya, da jariri, a nema musu wanda babu *Parfum* a jerinsa, domin turare na cikin manyan masu tayar da ƙaiƙayi.
4. A ajiye mai a inuwa, a rufe. In ya rabu biyu ko warinsa ya sauya, a zubar.
5. Ciwon da ya ƙi warkewa, ko tabon da ke girma yana sauya kama, na asibiti ne, ba na shago ba.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum 4 ko 5. Kowane rukuni ya kwafi sunaye 5 na farko daga kwalaben da aka kawo, ya ware mai janyo ruwa, da mai cike gibi, da mai rufewa. Ku fitar da duk kwalbar da ba ta da jeri ko lambar rajista, ko wadda ke ɗauke da ɗaya daga cikin sunaye ukun nan. Sannan ku kwatanta mafi tsada da mafi arha: shin sunayen farko sun bambanta?

Tambayoyi

1. Me ya sa sunaye 5 na farko suka fi muhimmanci?
2. Wane bambanci ke tsakanin aikin gilisarin da na basilin?
3. Yaushe ya fi dacewa a shafa basilin, kuma don me?
4. Wane sinadari ne mai juna biyu za ta guje wa cikin magungunan ƙuraje?
5. Kawo illa 2 ta sitiroyid da illa 2 ta zaiba.
6. Mece ce ma'anar 12M?

Jan hankali

Mafi yawan fata ba ta bukatar abin da ya wuce sabulu marar kaifi, da mai mai riƙe danshi, da kariya daga rana. Sauran magani ne, shi kuwa magani sai da dalili. Iyaye mata, kada ku shafa wa yara man ƙara haske, ko don suna, ko don Sallah, ko don gorin dangi. Fatar yaro ta fi ta babba siriri, abin da aka shafa mata ya fi saurin shiga jini. Maza kuma ku sani, duk wanda ya nuna wa matarsa ko 'yarsa cewa sai fara ce kyakkyawa, yana da hannu a abin da zai same ta. Ku isar da abin da kuka koya yau ga mutanen gidanku.